Yajin Dambun Nama da Miyarsa: Wanne Ya Dace da Wane Nama?

   

Wata 'yar uwa daga ƙasar Jahun ce ta aiko mana da saƙo, ta ce kada a faɗi sunanta. Da layyar da ta wuce, maigida ya damƙa mata cinyoyin rago biyu ta yi dambu, rabi a ajiye wa ɗansu da ke makarantar kwana, rabi a kai wa surukarta. Ta wuni cur a bakin murhu. Da ta sauke, don ya ƙara armashi, sai ta soya jajjagen attaruhu da tumatir ta zuba a kai ta cakuɗa, ta barbaɗe shi da yajin ƙuli, ta juye a bokitin roba da zafinsa ta rufe ruf. Kwana biyar aka buɗe, sai ga fumfuna a sama, ƙasa kuma ya yi tsami. Haka aka kwashe aka zubar. Maigida ya yi faɗa, suruka ta ce an yi mata rowa. Tambayarta ita ce, ina kuskuren yake?

To 'yar uwa, Allah Ya mayar da alheri. Ba ke kaɗai ba ce, da yawanmu mun taɓa yin irin wannan asara muka yi shiru. Kuskurenki ba a dahuwa yake ba, a wajen haɗi yake. Kin zuba abu mai ruwa a kan naman da aka soya don ya bushe, kuma kin rufe shi da zafi, tururi ya koma ciki. Saboda haka yau a kan wannan za mu tsaya: yadda ake zaɓen yaji ko miyar da za a haɗa wa dambu da gasasshen nama, da yadda ake yin su.

Tambayar farko kafin ki ɗora tukunya

Uwargida, kafin ki daka ko ƙwayar barkono ɗaya, ki tambayi kanki: naman nan kwana nawa zai yi? Amsar da kika bayar ita za ta zaɓar miki haɗi. Idan na ajiya ne, na ɗan makaranta, ko na matafiyi, ko na gara, to busasshen yaji kawai zai hau kansa. Idan kuwa yau za a cinye shi, da gurasa ko waina ko shinkafa, to nan ne miya take da wuri.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa hayayyafa sai da danshi. Duk wahalar da kike sha wajen suyar dambu, ruwan jikin naman kike kora. Tumatir da ɗanyen attaruhu da albasa kuwa galibinsu ruwa ne. Kin ga idan kika zuba su daga baya, kin dawo da abin da kika wuni kina kora ke nan.

Ki kuma lura da lokaci. Babbar Sallah tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga watan Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, wato daidai lokacin da zafi bai tafi ba, danshin damina kuma ya soma shigowa. Naman da zai yi wata da hunturu ba a ji komai ba, a irin wannan yanayi kwana kaɗan ya ishe shi ya juya. Don haka dabarar da iyayenmu suka yi ta yi musu daidai da sanyi, ke sai kin ƙara kula a kanta.

Sautun kayan yaji

Na san mafi yawanku ba ku zuwa kasuwa. Maigida ake ba sautu, ko a aiki yaro, ko a jira dillaliya. Wannan bai hana ki zaɓe ba, tunda ido da hanci da harshe suna tare da ke a cikin gida. Abu na farko da za ki nanata wa ɗan aike, ko kasuwar Dutse zai je ko ta Shuwarin, shi ne ya sayo kaya ɗai-ɗai yadda Allah Ya halicce su, kada ya sayo niƙaƙƙe. Abin da aka riga aka niƙa ba ki san me ke cikinsa ba, ba ki kuma san tun yaushe yake ajiye ba. Ko a Ingila, a shekarar 2005, sai da aka kwashe ɗaruruwan nau'o'in abinci daga shaguna saboda an gano wani jan rini mai illa a cikin garin barkonon da aka yi amfani da shi. To ina ga garin da aka ƙulla a leda ba suna ba shaida?

Idan kaya suka iso, ki baza su a faifai ko tire, ki zauna inda haske yake.

Barkono: ki karya guda biyu ko uku ki duba cikinsu. Mai kyau ja ne, yana ƙara in kin murza shi, yana sa atishawa. Wanda cikinsa ya yi baƙi ko toka-toka, ko ya yi taushi kamar fata, danshi ya shige shi, ki ware.

Citta: ki karya ta. Ki ji ƙamshinta ya bugi hanci, cikinta ba ramukan ƙwari, ba gari na zuba. Yawancin cittar da muke ci daga kudancin Kaduna take zuwa, wajajen Kachiya. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a can, ta yi ɓarna mai yawa, farashi ya tashi. Kin kuwa san duk abin da ya yi tsada, algus ba ya nisa da shi. Wannan ma wani dalili ne na guje wa garin citta na leda.

Kanumfari: mai kyau yana da kansa, kuma in kin danna farce a jikinsa za ki ga ɗan maiƙo. Masoro da kimba kuwa ƙamshi ake bi. Ita kimba, ɓawon ne mai ƙamshi, 'ya'yan cikinta ɗaci gare su, sai ki fasa ki zubar da su kafin daka.

Tsamiya: ki tsaga ki duba ko ƙwari sun ci 'ya'yan. Dabino ma haka, kowanne ki buɗe shi biyu kafin ki jiƙa.

Sai babba a cikinsu, wato ƙuli-ƙuli. Nan nake so ki buɗe kunne. Gyaɗar da ta sha danshi a gona ko a rumbu takan yi wata fumfuna mai fitar da guba, masana suna kiranta afalatoksin. Gubar nan tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 ne suka rasu bayan cin masarar da ke ɗauke da ita. Idan aka niƙa gyaɗa aka yi ƙuli, ido ba zai ƙara bambance mai kyau da ruɓaɓɓiya ba. Saboda haka in da hali ki sayi gyaɗarki, ki tsince ta da hannunki, ki zubar da motsattsiya da mai baƙi da wadda ƙwari suka huda, ki yi ƙulinki, ga kuma man da za ki samu na suya. In ba hali, ki saya wurin maƙwabciyar da kika san tana tsince gyaɗarta. Ki ce mata na yaji kike so, wanda ba sukari, ya soyu ƙarau har ciki. Duk ƙulin da kika ɗanɗana kika ji ɗaci ko warin daɗewa, kada ki ce ai yaji zai ɓoye. Araha ba ta ado.

Kuma ki fara wannan shiri mako biyu kafin Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki shanya kayan su sha rana, a kan faifai a wuri mai tudu, ki rufa musu yanki mai shara-shara, ki kwashe kafin yamma. Kada ki bar su su kwana a ƙasa inda ɓera zai bi ta kai.

Kowane nama da abin da yake nema

Ba kowane yaji ne ya dace da kowane nama ba. Ga yadda za ki gane.

Naman rago yana da maiƙo, yana saurin ginsar mutum. Abin da yake nema shi ne tsami da ɗan zafi, don su yanke maiƙon. Nan tsamiya da lemon tsami suke aiki. Naman sa tsoka ce mai ƙarfi, dambunsa ya fi kowanne tashi da daɗewa, amma yakan yi ƙandas a baki, don haka yajin ƙuli ya fi karɓarsa, saboda gardi da ɗan maiƙon gyaɗa. Naman akuya, balle bunsuru, yana da warinsa, sai an haɗa shi da citta da tafarnuwa da kimba tun a tukunya. Kaza da zabo kuwa ɗanɗanonsu ba shi da nauyi, in kika cika musu kanumfari da daddawa kin binne su, hannu kaɗan ya isa. Mai yin dambun kifi irin na Haɗeja, ƙarni ne abokin faɗanta, lemon tsami a wajen wanki da citta a wajen dahuwa su ne maganinsa.

Sannan ki duba masu ci. Gidan da ke da yara ƙanana da tsofaffi da mai gyambon ciki, a rage barkono a ƙara busasshen tattasai, shi yana ba da ja da ƙamshi ba tare da zafi ba. Mai son zafi a ajiye masa nasa yajin a gefe. Ƙarawa ba wuya, ragewa ce ba ta yiwuwa.

Ɗanɗanon da ke shiga tun a tukunya

Da yawa suna dafa nama salam su ce yaji zai gyara. Yaji a baya yake tsayawa, abin da ya shiga cikin tsoka shi ne abin da aka dafa naman da shi.

Ga nama kilo 2, tsoka zalla, ba kitse ba jijiya, kamar ta cinya: albasa manya 2, attaruhu 4, tafarnuwa ƙwaya 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kimba 1, dunƙulen magi 3, gishiri cokalin shayi 1. Ki jajjaga su ki zuba, ki sa ruwa daidai kan naman, ki rufe, wuta kaɗan-kaɗan. Kada ki ɗanɗana ruwan farko ki ce gishiri bai ji ba ki ƙara. Ruwan nan zai ƙone duka, gishirin kuwa ba inda za shi, yana nan a jikin naman, shi kuma naman bayan suya bai kai rabin nauyinsa na farko. Abin da kika ji daidai a romo, a dambu zartsi zai zama.

Wasu kan jefa kanwa don ya yi saurin dahuwa. Ni dai ban ba ki wannan shawara ba, tana sa nama ya yi duhu ya yi santsi, ta kashe ɗanɗano. Ki bar shi ya dahu luguf da kansa, har ki taɓa da muciya ki ga yana wargajewa, ya kuma tsotse ruwansa. Ai mu mutanen Dutse ne, mun fi kowa sanin mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romo.

Ki daka shi a turmi da ɗuminsa, a hankali, ki warware shi da hannu ya tashi zare-zare. In kina son yin na ci yau, a nan za ki ɗebi nasa ki ware. Sauran ki soya a man gyaɗa, wuta a ƙasa, kina juyawa ba tsayawa. Za ki ji yana ƙara yana kumfa, ruwa ne ke fita. Idan ƙarar ta lafa, kumfar ta kwanta, ya yi ja-ja, ki ɗebo kaɗan ki bari ya huce ki murza. In ya yi ƙayau ya soyu, in da taushi a ciki da saura. Ki tsame a matsami, ki matse man da tsaftataccen yanki, ki baza a tire ya huce sarai.

Kada ki zuba garin yaji a cikin mai lokacin suya. Barkono da tafarnuwa da ƙuli suna rigan nama ƙonewa, su bar miki ƙauri da ɗaci. Sai an sauke, ya rage ɗumi kaɗan, sannan ake barbaɗawa.

Yajin ƙuli

Wannan shi ne ɗan uwan wanda masu tsire ke yi. Awonmu gwangwanin madara ne ƙarami. Garin ƙuli gwangwani 2, barkono rabin gwangwani, busasshen tattasai rabin gwangwani, citta babban cokali 2, masoro cokalin shayi 1, kanumfari ƙwaya 6, ɓawon kimba 2, gishiri cokalin shayi 1, magi 2.

Ki ɗan ɗumama citta da masoro da kanumfari da kimba a busasshen kasko, minti biyu ko uku, har ƙamshi ya tashi. Wannan yana korar sauran danshi, yana kuma buɗe ƙamshin. Ki fara daka masu tauri, sannan barkono da tattasai tare da gishiri, shi gishirin yana taimaka wa daka. Ki tankaɗe. Ƙuli kuwa shi kaɗai ake daka shi, a tankaɗe, a haɗa daga ƙarshe, don in aka daka su tare maiƙonsa yakan sa yaji ya dunƙule. Turmin ya zama busasshe. In injin unguwa za ki kai, ki ce a fara share shi, kada a niƙa miki a bayan jiƙaƙƙen wake ko markaɗen tumatir.

Yajin nan ya fi kowanne daɗi a kan dambun sa da balangu da gurasa, amma ba ya son daɗewa. Man da ya rage a jikin ƙuli yakan tsufa ya soma wari. Don haka ki yi daidai wanda za a cinye cikin 'yan makonni, kuma kada ki cakuɗa shi da dambun ajiya. Ki ƙulla shi daban, mai ci ya barbaɗa.

Yajin ajiya

Shi ne wanda ya kamata 'yar uwarmu ta Jahun ta sa wa na ɗan makaranta. Babu ƙuli a cikinsa. Barkono gwangwani 1, citta babban cokali 3, busasshiyar tafarnuwa babban cokali 1, masoro cokalin shayi 1, kanumfari ƙwaya 8, daddawa ƙwaya 1, gishiri cokalin shayi 1. Daddawar sai kin shanya ta ta bushe ƙarau, ko ki ɗan gasa ta a bakin garwashi, don ita ce ke iya shigo da danshi. Tafarnuwa ma in ɗanya ce gare ki, ki yanka ta siriri ki shanya kwana biyu ko uku. A daka, a tankaɗe, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Babban cokali 2 ya ishi dambun kilo 2 na ɗanyen nama.

Miyar tsamiya da dabino

Yanzu mu koma kan na ci yau. Wannan miya ita ce abokiyar naman rago, kuma kayanta duk namu ne. Tsamiya ga ta a kowane ƙauye, dabino kuwa an san Dutse da shi, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. Mutanen Indiya, da muke kallon finafinansu, sun daɗe suna haɗa tsamiya da dabino su yi miyar dangwale da ita.

Ki jiƙa tsamiya cikin tafin hannu ɗaya a kofi 1 na ruwan zafi, rabin awa, ki dama ki tace. Dabino 10, ki cire ƙwallayen, ki jiƙa su yi taushi, ki daka su zama kamar tunkuza. Ki yanka albasa babba 1 ƙanana, ki soya a babban cokali 2 na man gyaɗa, wuta kaɗan, har ta yi laushi ta soma ja. Kada ki yi gaggawa a nan, zaƙin albasa sai a hankali yake fita. Ki zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 3 da ɗanyar citta kaɗan, ki juya sau biyu, ki zuba markaɗaɗɗen tumatir 3, ki bari ruwansa ya ƙone. Sai ki zuba ruwan tsamiya da dabino da cokalin shayi 1 na yajin ajiyarki da gishiri kaɗan. Ki bar ta tana ɓararraka a hankali minti 15 zuwa 20, kina juyawa don kada ta kama. Idan kika tsoma cokali kika ga ta lulluɓe bayansa, ta yi.

Sai ki ɗanɗana, kuma da ɗan naman za ki ɗanɗana, kada ki lasa ita kaɗai. In tsami ya yi yawa, ƙara dabino. In zaƙi ya rinjaya har tana neman zama alewa, ƙara ruwan tsamiya ko matsi lemon tsami. In kin ji komai ya ji amma ta yi lami, gishiri ne ya gaza. In yaji ya yi yawa, ƙara tumatir da ɗan mai. Wadda ba ta da dabino tana iya sa mazarƙwaila ko zuma, sai dai a tuna ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Ki zuba naman nan da kika ware, wanda aka daka ba a soya ba, ki juya a cikin miyar ya ɗau zafi sosai, miyar ta kama jikinsa ba tare da ya yi iyo a ciki ba. A ci da gurasa ko burodi ko sinasir. Tsohuwar da haƙora suka yi wa ƙaranci, wadda soyayyen nama ya gagara, wannan za ta ci ta sa miki albarka.

In gashi kike yi a kan garwashi, kada ki shafa miyar nan tun farko. Duk abu mai zaƙi yana saurin ƙonewa, sai bayan naman ya yi baƙi cikinsa bai gasu ba. Ki gasa da gishiri da mai, sai ya kusa sauka ki shafa, ki juya sau ɗaya ko biyu, ki sauke.

Jajjage

Wanda ba ya son zaƙi a nama, kuma akwai su da yawa cikin mazajenmu, a yi masa jajjage. Attaruhu 5, tattasai 3, albasa 2, tafarnuwa ƙwaya 2. A jajjaga a turmi, kada a markaɗa ya yi ruwa. A soya a ludayi 1 na mai har ruwan ya ƙone, mai ya taso sama, a sa gishiri da ɗan garin daddawa. Ya dace da naman sa da na akuya da kaza. Shi ma a kwano daban ake kawo shi, kowa ya ɗiba.

Maganar gishiri da ajiya

Akwai abin da nake so mu gaya wa junanmu gaskiya a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, duk abincin yini a haɗe. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. To ki lissafa: gishiri a tukunya, magi a tukunya, gishiri a yaji, magi a yaji, ga na miya. Gidan da ke da mai hawan jini, ko mai juna biyu da ƙafa ke kumbura, a yi musu yaji ba gishiri ba magi. Citta da tafarnuwa da daddawa da tsami suna cike gurbin fiye da yadda kike zato.

Wajen ajiya kuma, dambu ya huce sarai kafin a rufe. Mazubi ya zama busasshe, a ɗiba da busasshen cokali, kada yara su riƙa zura hannu. Ki raba shi gida biyu ko uku, a buɗe ɗaya a bar saura, don in ɗaya ya samu matsala kada ya ja sauran. Duk bayan 'yan kwanaki ki duba ki shinshina, in ya soma taushi ki mayar kasko ki ɗumama, ki bari ya huce. Wanda fumfuna ta riga ta fito masa kuwa, kwashe saman ba ya tsarkake na ƙasa, haƙuri za a yi.

Ita miya da naman da aka juya a cikinta, ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje. A ci da zafi. Abin da ya rage a sa a firji in akwai wuta tsayayya, a cinye cikin kwana biyu ko uku, a kuma tafasa shi sosai kafin a ci. In kin san wutar unguwarku ba tabbas, ki yi daidai cikin gida. Kuma miyar tsamiya ba a barinta ta kwana a tukunyar alminiyam, tsami yana cin jikin tukunyar, a juye a kwalba ko kwanon tangaran.

Mai son yin sana'a

Na san akwai masu saurare da ke cewa, ai wannan sana'a ce. Ƙwarai kuwa, kuma daga cikin ɗakinki za ki yi ta, a kira ki a waya a aiko a karɓa, ba sai kin ɗora wa yarinya talla lokacin makaranta ba. Amma abu biyu. Na ɗaya, naman layyar gidanku ba na sayarwa ba ne, malamai sun yi bayani, a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, a ajiye. Na sana'a a sayo shi daban wurin mahauci. Na biyu, ki lissafa komai kafin ki yanka farashi: nama, mai, itace ko gawayi, kayan yaji, roba, da raguwar da nama ke yi bayan suya. Ki riƙa ƙulla yaji a gefe, kuma ki tsaya a kan awo ɗaya, don mai saye ya samu ɗanɗanon jiya a na yau. Abin da ke dawo da shi ke nan.

'Yar uwarmu ta Jahun, ina fata kin samu amsa. Bana ki soya ya bushe, ki bari ya huce, ki sa masa yajin ajiya, jajjagen kuma ki yi shi ranar da za a ci. Ki cika kwano ki aika wa surukarki tun ranar, da miyar tsamiya a gefe. Muna jiran saƙonki mu ji yadda aka ƙare.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mazajenmu abin yin layya, wanda bai samu ba Allah Ya hore masa, Ya sa albarka a abin da muke ci.